Ba asiri ba ne, tsatsa ce

Mun gaji da jin cewa wai masu garkuwa da mutane sun "ɗaure" bindigogin mafarautanmu da 'yan banga. Da zarar harsashi ya ƙi shiga ko ya maƙale, sai a ce asiri ne, a bi gida-gida daga Sabon Gari har Mayo Gwoi ana tara kuɗin laya.

Mun duba bindigogin nan da idonmu, mun ga abin da ya ɗaure su. Bindiga ta yi damina guda a jingine bayan ƙofa, ba shafa, ba mai, tsatsa da dattin albarushi sun cika mazaunin harsashi. Shi kuma harsashin ya sha danshi a aljihu har ya kumbura. Wani ma ba na bindigar ba ne. Ka sa mai lamba 20 a bindiga mai lamba 12, zurmawa zai yi ya tsaya a ciki. Ka ɗora wani ka harba, ta fashe maka a hannu. Amma har yau akwai mai dukan harsashi da dutse don ya shiga, akwai mai leƙa bakin bindiga kamar rijiya. Haba jama'a!

Yaran nan su ke kwana wajen duwatsun Kona muna barci. Don haka gudummawar wannan wata mai da burushi za ta saya, sannan a kai kowace bindiga wajen ƙwararre, marar lasisi kuma ya nufi ofishin 'yan sanda. Mai son laya ya saya da kuɗinsa.

Sakataren ƙungiya, Jalingo