Kafin Ka Rubuta "Allah Sarki" Ka Wuce

Ka taɓa lura da ita a layin asibiti? Matar nan da ke goye da yaro ɗan shekara bakwai, wuyansa bai tsaya ba, ƙafafunsa na reto har gwiwarta. In ka ci karo da bidiyon irinta a TikTok, "Allah sarki" kake rubutawa ka wuce. Ita kuwa ba ta da inda za ta wuce.

Tun bayan taron Alma-Ata na 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya ke tallata tsarin kula da masu buƙata ta musamman a cikin unguwanninsu. Likitan gashi ko ma'aikacin sa-kai zai koya wa iyali yadda ake miƙar da gaɓoɓin yaro, a zaunar da shi, a ba shi abinci ba tare da ya ƙware ba, sai a ci gaba a gida. Tsari ne mai kyau. Amma a wajenmu in an ce "iyali", uwa kaɗai ake nufi.

Ita ce mai motsa masa jiki safe da yamma, ga girki ga wanki. Ranar ganin likita ta ajiye sana'arta, ta nemo kuɗin adaidaita, wani direban ma da ya hango keken guragu sai ya ƙara wuta. Ta dawo da ciwon baya, ta tarar da habaicin dangin miji: wai ɗan ruwa ne, wai daga gidansu ta kwaso. Alhali sau da yawa doguwar naƙuda ce, ko shawarar jarirai da aka yi wa sakaci, ko sanƙarau, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaron. Ranar da gajiya ta hana ta zuwa kuma, a ce ba ta damu ba.

Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, tana nan. Amma doka ba ta goyo.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, mu fara daga gida. In ƙanenka ne, raka Umma wajen gashi, ka koyi motsa jikin, ka karɓe ta ko da na yamma ne. In maƙwabciya ce, riƙe mata yaron awa biyu ta samu ta runtsa. In kai kafinta ne, haɗa masa kujerar da za ta tallafe bayansa. Kuma don Allah a daina ɗora hotunan yaran nan don tara mabiya.

Gobe kai ne uba. Fara koyon ɗaukar yaron tun yau.