Ka Kai Abin Da Hannunka Ya Noma

Idan kaka ta yi, aka ɗaure dawa aka shanya gyaɗa, a kan ji shela cewa za a yi nunin amfanin gona a gari kaza, kowa ya kawo abin da ya noma ko abin da ya yi da hannunsa a gwada, wanda nasa ya fi kyau a ba shi kyauta. Talakawa da yawa in sun ji haka sai su ce ai harkar manya ce. Su je su kalli dawaki da makaɗa su komo gida, ba wanda ya ɗauki ko zangarniya ɗaya ya kai. Wannan hasara ce babba, kuma a ganinmu malaman ofis da malaman makaranta su suka fi kowa ikon maganinta. Saboda haka da su za mu yi magana yau.

Bari mu fara da asalin abin, don in an san inda al'ada ta fito an fi gane abin da a ke nufi da ita. Cikin shekarar 1807 wani mutumin Amurka, Elkanah Watson, ya ɗaure tumaki biyu na wani iri mai yawan gashi a gindin itaciya a dandalin garin Pittsfield, sai jama'a suka taru suna kallo. Da ya ga dabba biyu rak sun tara mutane haka, sai ya kafa ƙungiyar manoman wannan yanki, cikin 1811 suka yi nuni na sosai, da alƙalai da kyauta. Bai tsaya ga maza ba, ya sa aka ware kyauta domin matan da ke kaɗi da saƙa a gidajensu. Daga nan abin ya bazu cikin gundumomin Amurka, har yau kuwa ana yi.

A Ingila babbar ƙungiyar manoman ƙasar ta yi nuninta na farko a Oxford cikin 1839. Wannan babban taro ya daɗe ƙwarai, amma daga baya masu zuwa suka ragu, hasara ta yi yawa, cikin 2009 aka yi na ƙarshe. Abin lura shi ne ƙananan nune-nunen ƙauyuka ba su mutu ba, kowace shekara ana kafa rumfunansu. Mu dai muna ganin dalilin a fili ya ke. A ƙauye mai kallo shi ne mai kaya, maƙwabcinsa kuma shi ne abokin karawarsa, ba ya yiwuwa ya ƙi zuwa.

Ga yadda su ke yi. Tun da sauran watanni kwamitin ƙauye ya kan buga 'yar takarda mai ɗauke da sharuɗɗa, a kasa kaya aji-aji, a faɗi adadin kowanne: albasa uku, ko dankali biyar, ko kwalbar zuma ɗaya, ko burodi ɗaya, ko riga saƙar hannu. Wanda aka ce ya kawo biyar ya kawo shida an fid da shi, ko da nasa ya fi na kowa. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne kayan su zama mutum shi ya noma su a lambunsa, ko shi ya yi su a gidansa. A wurare da dama in aka yi shakka kwamiti na da ikon zuwa lambun ya gani da idonsa. Ran nuni da safe kowa ya jera nasa bisa tebur, a ba shi lamba, a ɓoye sunansa, sa'an nan a fid da kowa a rufe rumfa, alƙali ya shiga da magatakarda. Alƙalin ba ya tsayawa ga kallo. Ya kan juya albasa ya duba gindinta, ya matsa wuyanta ya ji ko ta bushe, ya karya ɗanyen wake ya ji ko sabon tsinka ne, ya yanka burodi ya ɗanɗana. Na ɗaya a Ingila a ba shi jan kati, a Amurka shuɗin ƙyalle. Kuɗin kyautar kuwa sau da yawa bai kai na takin da aka zuba ba.

Kada ƙanƙantar kyauta ta ba kowa mamaki. Kusa da mu, a Gana, lokacin da aka fara bikin Ranar Manoma cikin 1985, abin da zakaran manoman ƙasar duka ya samu shi ne adda biyu, da takalman ruwa, da akwatin rediyo. Abin da mai shiga gasa ya ke komawa gida da shi, wanda ya fi kyautar daraja, shi ne sanin inda kayansa suka gaza da inda na wani suka fi. Gani ya kori ji. Malamin gona ya yi shekara yana bayani a bakin kasuwa bai kai manomi ya ga daminsa kusa da na maƙwabcinsa sau ɗaya ba.

Akwai kuskure guda da ya kamata a kawar tun da wuri, watau zaton da a ke yi cewa mafi girma shi ne mafi kyau. Gaskiya ne akwai ajin ƙatti, inda sikeli kaɗai ke yanke hukunci. Cikin 2023 an kai albasa guda mai nauyin kusan kilo 9 nunin garin Harrogate a Ingila, a cikin shekarar nan kuma aka auna kabewa mai kilo 1,247 a Kalifoniya. Waɗannan abin kallo ne, amma ba su a ke cika rumbu da su ba. A sauran azuzuwa alƙali ya kan duba lafiyar kaya, da daidaituwarsu, da siffa, da launi, girma kuwa ɗaya ne kurum daga cikin abubuwan da a ke ba maki. Albasa uku matsakaita masu kama da juna kamar 'yan uku sun fi ƙatuwa ɗaya da 'yan rakiya biyu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To, mu komo gida. Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun zamanin En'e a kan yi nunin amfanin gona a larduna, bayan gyaran 1976 kuma nauyin garuruwa da ƙauyuka ya koma kan ƙananan hukumomi. Ma'aunin kuwa ba ya sakewa. Damin dawa ya zama zangarniyarsa cikakkiya ce, iri ɗaya, ba a gauraya kaura da farfara ba, ba burtuntuna. Gyaɗa a ɓare a ga ta bushe, ba funfuna. Wake ya zama ba hujin ƙwaro, ba warin magani. Auduga fara tas, ba ganye ba ƙasa. Haka man gyaɗa a ɗaga shi a rana a ga ya tace, daddawa a sansana a duba ko da tsakuwa, tabarma a juya bayanta a ga ƙullin.

Wani zai ce wannan tsanani ai na Turawa ne, mu me ya dame mu? Ya dame mu ƙwarai. Cikin 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar garin gyaɗar da aka ba su, wanda aka kawo daga Barazil, ya yi funfuna. Ta haka aka gano dafin da a ke kira aflatoksin, wanda ke lalata hantar mutum kamar yadda ya ke lalata ta dabba, yana kuwa samun gyaɗa da masara in ba a shanya su da kyau ba. Cikin 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shiga da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Watau abin da alƙalin ƙauye ke dubawa shi ne abin da mai saye na nesa ke dubawa, shi ne kuma abin da ke shiga cikin 'ya'yanmu.

Malaman ofis, ga naku aikin. Takardar sharuɗɗa ta fito da Hausa tun kafin shuka, ba ana jibi taro ba, a ba masu unguwa da sankira su kai ta kunnen wanda bai iya karatu ba. A raba ajin mai tarakta da na mai fartanya, don ba adalci ba ne a haɗa su kokawa. Alƙalai a ɗauko su daga wata gunduma. Littafin sunaye yana hannunku, amana ce, kada alƙali ya san mai lamba kaza sai ya gama hukunci. In dawar hakimi ta zo ta biyu, ta biyu ce. Wanda kuma ya je kasuwa ya zaɓo kaya ya ce nomansa ne, ku kuka fi kowa sanin ba shi da ko kunya ɗaya ta albasa, ku faɗa wa kwamiti. Ranar da talaka ya ga an ba kayan saye kyauta, ko an ba suna maimakon kaya, daga ranar ya bar zuwa, kiransa kuwa sai ya fi shekara goma. Bayan hukunci ku roƙi alƙali ya tsaya gaban jama'a ya faɗi dalilinsa da baki, aji bayan aji, don a nan karatun ya ke.

Kada kuma a manta da mata. Yawancin abin da a ke sarrafawa a ƙauye, daga ƙuli-ƙuli da man shanu har zare da faifai da ɗinkin hula, a cikin gida a ke yinsa. Wadda ba ta fita ta aiko da nata ta hannun ɗanta ko maigidanta, amma sunanta za a rubuta, kyautar kuma hannunta za ta kai. Ajin kayan mata a sa mata waɗanda suka san aikin su yi alƙalancinsa.

Malaman makaranta, ku kuma ku nemi a ware ajin yara, ku shigar da lambun makaranta. Ku koya musu zaɓen iri, da auna tazarar shuka, da rubuta ranar da aka shuka da ranar da aka girbe. Yaron da ya iya karanta sharuɗɗan gasa ya karanta wa ubansa, ya kuma taya shi zaɓen zangarniya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta, damin da zai ci gasa ma tun ran shuka a ke fara ɗaure shi. Ku kuma koya musu cewa faɗuwa a gasa ba abin kunya ba ne. Wanda ya faɗi ya tambayi dalili, ya nemi iri wurin wanda ya ci, baɗi ya komo. Abin kunya shi ne cin kyauta da gumin wani.

Muna fata kowane malami da ya karanta wannan ya sami manomi ɗaya da mace ɗaya mai sana'a waɗanda ba su taɓa shiga ba, ya rubuta sunayensu a gasar da ke tafe. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba alƙalai ikon riƙe gaskiya, amin.