Kofin Stanley da Gwanayenmu da Ba a Rubuta Ba



Wasan hoki na kan ƙanƙara ba namu ba ne. Mutum shida ne a kowane ɓangare, suna sulɓi a kan ƙanƙara da takalma masu kaifi, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna zuwa raga. Amma gasarsa ta ƙarshe, ta Kofin Stanley, akwai abin da ya kamata mu ɗauka a cikinta.

Lord Stanley, Gwamna-Janar na Kanada, shi ya ba da kofin a 1892, aka fara lashe shi a 1893. A yau ƙungiyoyi biyu na gasar NHL ke karawa, in ta kama har sau bakwai, wadda ta riga cin wasa huɗu ita ke ɗauka. Daga nan sai a zana sunayen 'yan wasanta a jikin kofin. Ko a 1919, da annobar mura ta tsayar da karawar Montreal da Seattle, sai da aka rubuta a jikinsa cewa ba a ƙarasa ba. Saboda irin wannan adana ne yaron Toronto ya san cewa a 1942 Detroit ta ci ƙungiyar garinsu sau uku a jere, ita kuma ta rama huɗu ta ɗauke kofin.

To, mu dawo gida. In kaka ta yi, amfanin gona ya shigo, ana kokawa da dambe da langa a garuruwanmu. Wa ya fi kowa kokawa a ƙasar Gagarawa shekara talatin da suka wuce? Wane ɗan dambe ne ya gagara a Sule Tankarkar? Tambayi dattijai uku, za ka ji suna uku, kuma ranar da suka kwanta dama, sunayen sun bi su.

Wani zai ce ai makaɗa sun riƙe mana. Gaskiya ne, waƙar Ɗan Anace ce ta sa har gobe ake ambaton Shago. Amma makaɗi ubangidansa yake wasawa, ba zai gaya maka ranar wasa ba, balle turmin da aka yi kisa. Wani kuma zai ce akwai bidiyo a waya. Bidiyon da ba suna, ba gari, ba kwanan wata, da wayar ta faɗa ruwa shi ke nan.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu. Gasar takobin kokawa da suka fara a Tawa a 1975 tana da jerin gwanayenta, tun daga Kantu na Maraɗi da ya fara ɗauka.

A ganina wannan aikin namu ne. Maimakon kowa ya kai labarinsa Dubai, ɗauki biro ka je fage. Rubuta gari, rana, sunan wasa na kowane ɗan wasa, wanda ya kayar da wanda aka kayar, da sunan makaɗin. Ranar Alhamis ka shiga kasuwar Maigatari, ka zauna da mahauta, ka tambaye su tsofaffin 'yan damben yankin. A Gumel ka nemi dattijai kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Shafi ɗaya a mako ya isa. Wanda ya samo, ya kawo mana nan mu karanta.

Allah Ya ƙara basira.