Murya ta daina zama shaida, mu bincika kafin mu tura



A da idan mun ji muryar mutum, magana ta ƙare, shi ne. Yau ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira IA, tana ɗaukar ɗan guntun vokal ɗinka na WhatsApp ta koyi muryarka, ta sa ka faɗi abin da ba ka taɓa faɗi ba. Haka take yi ma fuska a bidiyo.

A watan Mayu na 2025 an watsa bidiyon minti 36 inda Fafaroma Leo na 14 ke yabon Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso. Sai da fadar Vatikan ta fito ta ce ƙarya ne, haɗa shi aka yi. To wanda ya iya yi ma Fafaroma haka, limamin unguwa ko mai gari zai gagare shi?

Mu nan bakin iyaka da Katsina mun san ciwon satar mutane don kuɗin fansa. Ku duba ranar da za a kira uwa da muryar ɗanta yana kuka, a ce ta aiko kuɗi maza. Ko a lanƙaya fuskar yarinya a hoton banza, aurenta ya watse.

Ba mu ce a guji IA ba. Tana fassara ma mutum takardar Faransanci zuwa Hausa, tana taimakon ɗan lakwal da karatu. Wuƙa ce, tana yanka nama, tana yanka hannu.

Doka kuma tana nan. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, a watan Yuni na 2024 aka ƙara mata ƙarfi: watsa abin da ka iya tada hankalin jama'a na kai mutum gidan kaso shekara 2 zuwa 5. "Ni dai turo mini aka yi" ba ta goge sunanka daga saƙon.

Saboda haka, in an nemi kuɗi da muryar ɗan'uwa, katse ka kira lambarsa da kanka, ka tambayi abin da 'yan gida kaɗai suka sani. In bidiyo ya tada maka hankali, jira rediyo ko hukuma su tabbatar. Masu riƙe da gurup, ku share abin da ba shi da tushe. Matasa, ku zauna ku nuna ma iyaye yadda ake wannan haɗin.

Allah ya tsare mu, ya ba mu zaman lafiya.