Alhakin Wanda Ya Gwada Sabon Magani

A wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda malaman fiƙihu suka daɗe da yin magana a kanta, watau alhakin da ke wuyan wanda ya ƙago sabon abu, sa'an nan ya gwada shi a jikin mutane. Ba sai mun je nesa neman misali ba, gama abin ya auku a birnin Kano.

Cikin shekarar 1996 aka yi annobar sanƙarau mai tsanani a Arewacin Nijeriya, mutum fiye da 100,000 suka kamu, kimanin 12,000 suka rasu, har ma a shekarar aka hana maniyyatan ƙasar nan zuwa aikin Hajji. Ana cikin wannan hali sai kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko da likitocinsa asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin hukumar ƙasarsu ba ta ba da iznin sayar da shi ba tukuna. Suka zaɓi yara wajen 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi kuwa aka yi musu allurar wani sanannen magani, amma an rage awon da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashin farko, 6 daga na biyu, waɗansu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Bayan 'yan makonni baƙin suka tattara kayansu suka koma gida, annoba kuwa tana nan tana ci.

Adalci ne a faɗi abin da kamfanin ya ce. Ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, kuma ita cutar da ma takan bar irin wannan lahani. Ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun kuwa yarda da baki. Iyaye da yawa suka ce sam ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba kuma wanda ya gaya musu cewa a cikin harabar asibitin nan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana ba da sanannen magani kyauta.

To, shi gwaji a kan kansa Musulunci bai hana shi ba. Abubakar Arrazi, babban likitan Bagadaza wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta yadda ya raba masu alamun ciwon kumburin ƙwaƙwalwa kashi biyu, ya fitar wa kashi ɗaya da jini, ya ƙyale ɗayan da gangan, don ya tabbatar ko aikin nasa na da amfani. Ibn Sina kuma ya shimfiɗa sharuɗɗan jarraba magani a cikin littafinsa Alƙanun. In ba a gwada ba, ina za a san mai warkarwa da mai kisa? Abin da shari'a ta tsananta a kai shi ne wanda zai biya idan abu ya ɓaci. Akwai hadisi wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, ma'anarsa duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, to, lamuni yana kansa. A shekarar 931, da wani majinyaci ya mutu saboda kuskuren likita, Halifa Almuƙtadir ya sa Sinan ɗan Sabit ya jarraba likitocin Bagadaza kafin a bar su su ci gaba da aiki.

Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya ambaci abubuwan da ke ɗora wa likita lamuni: jahilci, da sakaci, da yin aiki ba tare da izni karɓaɓɓe ba. Ba wanda zai ce likitocin da suka zo Kano jahilai ne. Batun sakaci kuwa lauyoyi sun sha jayayya a kansa. Na ukun ne ya kamata mu tsaya a kai, domin a nan ne gwaninta ba ta ceton mai ita. Yaro ƙarami ba shi da iznin kansa, sai na waliyyinsa. Shi kuwa waliyyi, yardarsa ba ta zama yarda sai ya san abin da ya yarda da shi. Uban da ya ɗauko ɗansa a kafaɗa, wuya ya sanƙare, jiki ya yi zafi, ya ga Bature da farar riga ya miƙo hannu, duk abin da aka ce masa "to" zai ce. Wanda ya karɓi wannan "to" bai furta kalmar gwaji ba, bai kuma nuna masa ɗaya ƙofar ba, a ganina bai sami izni ba, ko da an yi magana da Hausa tsantsa.

'Yan kasuwa sun fi kowa gane wannan. Kowa ya san labarin da Muslim ya ruwaito na mai sayar da hatsi wanda ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya tono, ya tsawatar masa. In ɓoye aibin tsaba algus ne, yaya ɓoye wa uba cewa ba a gama sanin halin maganin da za a ɗura wa ɗansa ba? Shi Trovan ɗin, bayan an ba da iznin sayar da shi ga manya a Amurka a 1997, a 1999 aka taƙaita amfani da shi ƙwarai saboda yana lalata hanta, ƙasashen Turai kuma suka dakatar da shi.

Ma'aikatan Gwamnati ma suna da nasu kason, kuma ya fi ɗaci. Takardar da aka nuna a matsayin amincewar kwamitin kula da ɗa'ar bincike na wani asibiti a Kano, daga baya ta bayyana cewa bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mai da kwanan wata baya. Ba baƙo ya sa mata hannu ba, ɗan ƙasa ne. Sa hannu shaida ce, mai da kwanan wata baya kuwa shaidar zur ce, ko da bisa takardar ofis mai tambari aka yi ta.

Jaridar Washington Post ta tona maganar a Disamba 2000. Gwamnatin Jihar Kano ta kai ƙara a 2007, a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011, shekara 15 bayan aukuwar abin, aka fara biyan iyalai huɗu dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da dangantaka.

Amma akwai ɓarnar da ba ta shiga wannan lissafi ba. A 2003, da jita-jita ta bazu cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa, labarin Trovan na cikin abubuwan da suka sa mutane suka gaskata, aka dakatar da rigakafi a Kano har zuwa Yuli 2004. Cutar ta sake yaɗuwa, ta tsallaka zuwa maƙwabta, ta kai Sudan da Yaman da Indunusiya, ta nakasa yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Sai a Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Wanda ya ci amana da fari yana da kamasho a wannan, haka nan wanda ya hau mumbari ko ya zauna a majalisa ya yaɗa abin da bai tabbatar ba, alhali Alƙur'ani ya umurce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi.

Tun 2007 Nijeriya tana da rubutacciyar ƙa'idar binciken lafiya, wadda ta wajabta neman yardar mutum bayan cikakken bayani. Saboda haka wanda aka kawo wa takarda a asibiti don ya sa hannu ko ya dangwala, yana da ikon ya tambaya ko magani ne sananne ko gwaji, wace illa aka sani game da shi, wane kwamiti ya amince, wa zai ɗauki nauyi in an sami lahani, kuma in ya ƙi, wane magani za a ba ɗansa. In bai iya boko ba, sai ya nemi a karanta masa da Hausa a gaban shaidar da ya yarda da ita. Wassalam.