Waƙar Rabuwa: Marainiya a Ɗakin Nazari

Duk wanda ya zauna ajin waƙar baka a wannan sashe namu ya san yadda ake kasa makaɗan Hausa: ga na fada, ga na sana'a, ga na maza, ga kuma na jama'a. Wannan rabo yana da amfani ƙwarai, domin da shi muke gane matsayin Ibrahim Narambaɗa a fadar Isa, ko na Musa Ɗanƙwairo, ko na Ɗan Anace a fagen dambe. Amma fa rabo ne da aka gina bisa tambaya guda, watau wane ne ubangidan makaɗi? To, waƙar da saurayi ya yi saboda an aurar da budurwarsa ga wani, wa za a ce shi ne ubangidanta? Ba ta da shi. Ina ganin wannan ne dalilin da ya sa muka bar ta a bakin ƙofa.

Alal misali, mu ɗauki waƙar Jummai ta Haruna Uji, mai gurmi na Haɗeja. Waƙar bege ce, ba sarki a cikinta, ba attajiri. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da kaset-kaset na kasuwa su suka kai irinta har ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum. Ni kaina a Adabka na fara jin ta, a wurin wani kawuna. Ya tafi cin rani don ya haɗa lefe, ya komo da damina ya tarar an ɗaura wa yarinyar aure da wani. Bai taɓa zancen da kowa ba, iyakarsa ya sa kaset ɗin bayan sallar lisha. Dattawan gida kuwa suna kiranta waƙar 'yan duniya, suna cewa ba ta mutumin kirki ba ce. Abin mamaki, ban taɓa ganin wanda ya tashi ya kashe rikodar ba.

Wannan baki biyu da aka karɓi waƙar da shi, a zarge ta a fili a saurare ta a ɓoye, ya samo asali ne daga kunya. Bahaushe yana iya kukan mutuwa a gaban jama'a, amma kukan mace abin gori ne. Saboda haka sai makaɗi ya ɗauke masa nauyin, ya faɗi abin da shi ba ya iya faɗa.

Haƙiƙa kuma ba masu gurmi suka fara ba. Tun kafin rediyo, mata ke riƙe da wannan jigo. A bakin dutsen niƙa matar da aka yi wa auren dole takan rera begen wanda ta so, cikin habaici da sakaya suna, uwar miji na ji ba ta da ta cewa. 'Yan mata ma a dandali sukan saka shi cikin gaɗa. Injin niƙa ya zo ya kashe na farko. Na biyun kuwa, tashin hankalin 'yan bindiga da ya addabi Zamfara tun wajen 2011 ya watse shi, don ba uban da zai bar 'yarsa ta fita wasan farin wata a ƙauyen da ake kwana da ido ɗaya. Garuruwa da dama ma sun tashi ɗungum.

Wani zai ce ai an kula da soyayya, tunda ga Dausayin Soyayya na Bello Sa'id. Gaskiya ne, amma wannan rubutattun waƙoƙi ne na masu ilmi, waɗanda takarda ta riga ta tsare su. Ta bakin dutsen niƙa ba ta da mai tsaronta sai tsohuwar da ta haddace ta.

Don haka nake roƙon malamanmu, in an zo rabon batutuwan kundin digiri, a rage tura mu ga makaɗan da aka riga aka yi wa kundi bisa kundi. A cikin garin Anka akwai tsofaffin mata da gudun hijira ya tattaro daga ƙauyuka daban-daban, kowace da waƙoƙin garinsu a ka. Ɗaliba mace ta fi dacewa da wannan aiki, domin ba za su buɗe baki gaban namiji ba, kuma wayar da ke hannunta ta isa ɗaukar murya.