Rawani Na Fada, Kuɗi Na Sakatariya

Jama'ar Gaya da Ajingi, mu ɗan tsaya mu yi lissafi. Tun daga 2019 muke ta cacar baki kan masarauta. Ganduje ya ɗaga Gaya zuwa daraja ta ɗaya. A Mayun 2024 gwamnatin Abba ta rushe, a Yuli kuma ta dawo da ita a daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Ba yau farau ba fa. Rimi ya taɓa yi, Sabo Bakin Zuwo ya zo ya soke a 1983. Abin da alƙalamin gwamna ke ɗaurawa ya kwance, ai ka san iko ba can yake ba.

Da can daula abu uku take riƙewa: haraji, shari'a da ƙasa. Haka Kano take a zamanin Daular Sakkwato. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su rushe tsarin ba, sai suka mayar da shi En'e, da baitulmali da 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka karɓe 'yan doka da kotuna. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Rimi ya soke haraji da jangali. To me ya rage?

Ba mu kaɗai ba ne. Turkiyya ta kawar da sarautar Usmaniyya a 1922, halifanci a 1924. Ingila ta bar wa sarkinta kambi, amma majalisa ce ke riƙe da lalita.

Ban raina sarauta ba, wallahi. Rikicin gona, sulhun aure, rigakafin shan inna, duk sai da mai unguwa da dagaci da hakimi. Amma magani a asibiti, malami a aji, rijiyar burtsatse, waɗannan kasafin kuɗi ne, kuma sarki ba ya sa masa hannu.

A Yulin 2024 ɗin nan dai Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mu nawa muka tambayi ciyaman ko kansila nawa ke shigowa duk wata, kuma ina yake tafiya? Mu ba Sarki girmansa, tambayar kuma mu kai ta sakatariya.

Allah Ya sa mu gane.